Hodar Madam

Jama'a, kafin ku fara yi mini dariya, ku bari in riga ku. Sunana Musiliu. Na ba arba'in baya, furfura ta fara leƙowa ta gefen hulata, amma har yau in aka ƙwala kiran "Boyi!" a wani gida da ke kan tudun Naraguta, ni ne mai rugawa da tire a hannu. A Gangare aka binne cibiyata. Bayarabe ne ni na Jos, irin waɗanda in sun je garin kakanninsu ake tambayarsu yaushe za su koma gida. Na taɓa aure sau ɗaya. Allah ya ji ƙan Sadiat, ta tafi ba ta bar mini ko ɗa ba. Tun daga nan na zauna gwauro, ina goge takalman Bature, ina ce wa kaina komai da lokacinsa.

Yayata Kuburat ba ta yarda da wannan lokacin ba.

"Musiliu, kai da kujerar gidan Oga wa ya girmi wani a gidan? Ita ko ana canza mata riga. Gari ya ɗauka ana cewa Turawa sun kusa tattarawa su tafi, in sun tafi wa zai dafa maka ruwan zafi? Ga Tabawa 'yar Malam Datti ta gama idda tun bara, tana zaune tana taka keken ɗinki. Ko sai na ɗaura maka igiya na ja ka?"

"Yaya, me zan kai mata? Sanƙona?"

"Ka kai mata bakinka, tunda shi kaɗai Allah ya hore maka."

Tabawa kuwa na san ta tun tana tallan gyaɗa, don katanga ɗaya ta raba gidansu da inda marigayiya uwata ta zauna. Shi ya sa har yau nake shiga cikin gida in gaida mahaifiyarta, Goggo Mariya, ba sai an yi mini iso ba. Baƙa ce doguwa mai wushirya, ban da tozali ba ta sa komai a fuska, kullum da zare a leɓe da allura soke a ɗankwali. Ranar da na fara zuwa zance na sha babbar rigata ta Sallah, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam Musiliu, wai da gaske ne a wurin aiki gajeren wando kake sawa?"

"Fari tas, har da kari."

"To Allah ya rufa asiri. Kada ka bari in gani kafin in yanke shawara."

Nan na san na faɗa rijiya, kuma ba na neman mai ciro ni.

Mahaifinta, Malam Datti, tsohon tela ne da ido ya yi wa rauni ya bar wa 'yarsa keken ɗinki ya koma wa tasbaha. Shi bai yi mini wasa ba. Ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Ba ni da ja da kai, na san uwarka. Amma a gidan Nasara kake kwana kake tashi. Ni mutum ne mai kiyaye abin da ke taɓa tukunyata da butata. Ranar da ƙazanta ta shigo gidan nan ta hannunka, ranar ka manta hanyar Gangare."

Na ce in sha Allahu. Ku riƙe wannan maganar. Ni ban riƙe ba.

Yanzu bari in kai ku gidan aikina. Ogana manajan wani kamfanin kuza ne, leburori na kiransa Mai Lofe. Matarsa, Madam, siririya ce mara hayaniya. Aikinta shuka furanni da hawa wani dutse a bayan gida ita da farin karenta mai dogon kunne, ta zauna tana kallon kududdufan kuza kamar mai jiran wani ya fito daga ciki. Tari ya kama ta, aka kai ta Ingila, sai waya ta zo cewa ta rasu. Oga ya bi, ya dawo da akwatin kayanta. Ya sa na jera kayan kwalliyarta a kan teburin madubi yadda ta saba: jan baki, jan farce, jagira, kwalaben turare, man shafawa iri-iri, hoda da sosonta. Sannan shi da kansa ya fito da wani gwangwanin azurfa, ya kai girman mudu, mai murfin murɗawa, ya ajiye a tsakiyarsu. Bai ce mini komai ba. Bature ba ya yi wa boyi bayani, kamar yadda ba ya yi wa kujera.

Abin da na lura, in ya sha shayin yamma yakan ja kujera gaban teburin ya yi ta magana ƙasa-ƙasa. Karen kuma ya daina hawa dutse, ya tare a ƙarƙashin teburin. Na ce a raina, kewa ce, kowa da yadda take kama shi.

Wata safiya da damina ta kankama, zai fita rangadin sansanonin kuza wajen Barikin Ladi, sai ya tsaya a ƙofar ɗakin ido jajir, ya yi nuni da lofensa. Hausar leburori yake yi.

"Musiliu, kwashe wannan tarkace. Zubar. Ba na so na gani."

"Duka, Oga?"

"Duka."

Allah ne shaidata na tambaya.

Na kwashe duka a kwando, na je bakin kududdufi zan zubar. Sai na tsaya. Kayan da ko a kantin Turawa sai an ɗaga kai a kalle su, a ce kwaɗi za su gada? Ga ni mai neman aure da ban taɓa kai toshin da ya wuce goro da sabulun salo ba. Na murɗe murfin gwangwanin da ƙyar na leƙa. Hoda ce toka-toka, da ɗan tsakuwa-tsakuwa, ba ƙamshi ko kaɗan. Na ce lallai wannan ta manyan mata ce, wadda ake shafawa in an girmi ƙamshi. Na rufe, na ɗora ta can sama don ta ƙara wa kwandon kwarjini, na ɗaure a bayan kekena.

Karen ya biyo ni har bakin kwalta. Da na yi masa tsawa sai ya tsaya, ya ɗaga kai sama, ya yi wani irin kuka mai tsawo da rana tsaka. Na ci gaba da taka feda. Mai neman aure ba ya jin Larabcin kare.

Abin da ban gaya muku ba game da Goggo Mariya shi ne, a gidanta ba a san bola ba. Tsumma ya zama faifai, fasasshen tulu ya zama mashayar kaji, ƙusa ko ta lanƙwashe sai an miƙe ta an ba ta aiki. Ta karɓi kwandon ta sa albarka, ta riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya tana juya su a rana, ba irin kallon da mace ke yi wa kayan ado ba, irin wanda mahauci ke yi wa sa.

Da na koma zance na yi ta leƙen fuskar Tabawa ko zan ga jan baki. Ba komai. Sai wata akuya ta ratsa zauren, ƙahonta ja wur.

"Tabawa, me ya sami akuyar nan?"

"Toshinka ne. Goggo ta narkar da jan bakin ta shafa wa awakinmu, yanzu ko a Dilimi suka shiga garken wani za a gane su."

"Jan bakin Ingila?"

"Ai ruwa ba ya wanke shi. Turawa sun iya abu."

Haka aka yi ta yi. Man shafawar da Madam ke lakata da ɗan yatsa ɗaya, shi ya kashe kukan ƙyauren zaure, ya tausasa takalman Malam, ya sa keken ɗinki ya daina tari. Jan farce ya toshe duk inda langa ta ɓantare don kada tsatsa ta ci, ragowar kuma Tabawa na ɗiga shi a kan zaren maɓalli, maɓallin ya zauna har rigar ta mutu. Jagira ta zama abin zana yadi kafin a yanka. Soson hoda ya zama matashin allurai. Farar hoda mai ƙamshi aka rarraba wa masu jego saboda ƙurajen jarirai. Turaren ya yi wa Goggo ƙarfi, ta jiƙa tsumma da shi ta jefa a akwatunan tufafi, kyankyasai suka yi hijira. Kwalaben kuma ta sa musu lagwani da kananzir suka zama fitilu.

Na ce, "Tabawa, ko ɗaya ba za ki shafa ba, ko don in ga yadda zai yi miki?"

"Fuskar da ka gani ka zo, ita ce ba ta ishe ka ba?"

"Ta ishe ni har ta yi yawa."

"To bar ƙyaure ya sha mai. Shi ne ke kuka, ba ni ba."

Ban tambayi babban gwangwanin ba. Na ɗauka shi ta ɓoye wa ranar biki.

Wata la'asar ta fito zaure da wani murmushi da ban san ta da shi ba. Ba ta zauna nesa yadda ta saba ba.

"Ashe haka kake?"

"Yaya nake?"

"Shiru-shiru kamar tulu, ashe da wayo a ciki. Na ga abin da ka ɓoye mini a cikin hodar."

Jama'a, ban san abin da take nufi ba. Amma mutumin da ya ba arba'in baya, kuma yau ne karo na farko da mace ta kira shi mai wayo, ba ya tsayawa tambaya. Na gyara zaman hulata na ce, "Ai ƙaramin abu ne."

"Ba ƙarami ba ne a wurina. Mijina na fari ko allura bai taɓa ɓoyewa don in tsinta in yi murna ba." Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyalenta. "Ka turo magabatanka."

Yaya Kuburat ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo. Aka kai goro, aka sa rana bayan ruwa ya ɗauke. Ni kuwa ina tafe ina taka ƙasa kamar ni na haƙo kuzar Filato duka. Abu ɗaya ya riƙa sosa mini rai: karen nan ya daina cin abinci. Kullum yana bakin ƙofar gida, fuskarsa na kallon hanyar gari.

Oga ya dawo daga rangadi da azahar. Na karɓi hularsa da takalman ruwa, ya shige ɗakin Madam. Na ji shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara jin ɗigar famfon kicin. Sannan ya kira ni, ba da tsawa ba, ba kuma "Boyi" ba.

"Musiliu."

Na same shi tsaye gaban teburin, ba komai a kai sai wani zagaye a jikin katakon inda gwangwanin ya daɗe.

"Ina Madam?"

Na ce rangadin nan ya taɓa masa kai. Na rusuna na ce, "Oga, Madam ai ta riga mu gidan gaskiya. Sai haƙuri."

Ya ɗora bakin lofen a kan zagayen. "Gwangwani. Na azurfa. Ina?"

Ban san lokacin da ƙarya ta fito daga bakina da kayanta a ɗaure ba. "Ya yi baƙi, Oga. Na kai wa Lukuman maƙeri a Gangare ya goge."

Ya zauna a bakin gado. Ya daɗe yana kallona.

"Kada ya buɗe. Ka ji? Gobe da safe za mu hau dutse, ni da ita. Ta ce na sake ta a can, iska ya ɗauka. Zobe na aure yana ciki, zan cire na aika wa yarinya namu a Ingila. Tafi ka kawo. Yanzu."

Na fita da baya-baya na faɗa kicin. Fabian kuku, mutumin Gabas ne da ya girme ni a aikin Turawa, yana yanka albasa. Ranar da na kwashe kayan yana kasuwa. Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji.

"Fabian, wai hodar babban gwangwanin nan ta mece ce?"

"Wane hoda?"

"Ta azurfa. Toka-toka."

Ya ajiye wuƙar. Ya taɓa goshinsa da ƙirjinsa da kafaɗunsa. "Musiliu, wannan ba hoda ba ne. Madam ne."

"Na san ta Madam ce."

"Ba nashi ba. Shi ne! A ƙasarsu wani mutum in ya mutu ba a binne shi, ana sa shi a wuta kamar burodi har ya zama toka, a zuba a gwangwani. Fada ya faɗa mana a coci, ya ce mu kada mu yi. Kai ka kai shi ina?"

"Gangare."

"Wurin wa?"

"Wurin Goggo Mariya."

Fabian ya san Goggo, ita ke kwashe masa gwangwanayen madara. Ya nemi buhun shinkafa ya zauna a kai. "To," in ji shi. "Ya ƙare."

Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen duwatsun Shere lokacin da na hau keke. Iska na tura ni baya, ni ina turawa gaba, ina ta salati ba tare da na san na wane ne ba, nawa ko na Madam. Mutum! Na ɗauki mutum a bayan kekena, na kai shi toshi, har aka sa mini albarka. Sai kuma maganar Tabawa ta dawo mini: abin da ka ɓoye mini a cikin hodar. Zoben auren matacciya. Shi ne wayon nawa. Na lallashi kaina cewa zobe dai ba ya narkewa, yana wurinta, zan roƙa ta ba ni. Sai dai roƙon nan shi ne faɗa mata cewa amsar da ta ba ni, ba ni ta ba wa ba.

Malam ya tafi masallaci sallar la'asar. Na yi sallama na shiga, na tarar da Goggo a tsugune bakin rariyar tsakar gida da soso a hannu. Tukwane da tasoshi na kife a jere jikin katanga, suna wani irin sheƙi a cikin duhun hadarin, kamar idanu.

"A'a, angon gobe! Zo ka ga aikin hodarka. Ɗan nan, duk cikin kayan nan ba abin da ya kai ta albarka."

Na gaishe ta da muryar da ba tawa ba. "Goggo, gwangwanin yana nan?"

"Ga shi can kusa da murhu. Ai ba ta fuska ba ce, mun gwada a bayan hannu, kaushi gare ta. Na ce to bari in ga ko za ta yi wanki. Kai! Tukunyar tuwon da ta shekara da baƙi, dubi. Tasar Malam, dubi. Butarsa ta ƙarfe har fuskarsa yake gani in zai yi alwala."

Na dafa katanga.

"Da na tankaɗe ta, tsakin da ya rage fari-fari kamar ɓawon ƙwai, na watsa wa kaji, ƙwansu ya yi ƙwari. Na barbaɗa a akurki, ƙwarƙwata ta mutu. Na zuba a gindin kabewar can, ka ga yadda ta haukace? Jiya da ganyenta muka yi miya, Malam har ƙari ya nema. Maƙwabta ma na ɗan ɗiba musu, ba a cin alheri a ɓoye. Har haƙora na gwada, sai dai tana shiga dasashi." Ta washe mini baki. Fari tas. "In da saura a gidan Baturen, kada ka bari a zubar."

Kabewar ta haye katanga ta rufe rufin akurki, ganyenta faffaɗa kore shar, iska na kaɗa su gaba ɗaya kamar masu kiran mutum da hannu.

Aka yi tsawa. Goggo ta miƙe da sauri ta fita kamo awakinta masu jan ƙaho kafin ruwa ya sauko. Na ɗaga gwangwanin. Ba nauyi. Na buɗe: abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba.

"Lafiya kake leƙen kayan da ka bayar?"

Tabawa ce a ƙofar ɗakin ɗinki, da zare a leɓe, ɗankwalinta ya sauko har kan kunnuwa saboda sanyi.

Na so in yi kwana-kwana, amma lokaci ya ƙure. Na gaya mata yadda Fabian ya gaya mini, ban rage ba, har burodin. Tana saurare, zaren ya faɗo daga bakinta. Ta dubi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi kabewar. Ta dubi tafin hannunta, ta juya shi, ta goga a zane, ta sake gogawa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum?"

"Mutum."

"Mai sallama in ta zo kasuwa? Mai farin kare?"

"Ita."

"Musiliu, mun ci tuwo a tukunyar nan. Baba ya yi alwala da butar nan." Muryarta ta yi ƙasa har sai da na matso. "In ya ji, ba kai kaɗai ba, ni ma sai na nemi gidan kwana."

"Ba zai ji ba. Toka dai a samu a cika. Amma Tabawa…" Na kau da kai. "Akwai zobe. Oga ya ce zoben aurenta na ciki. Shi zai fara nema."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ba kai ka sa ba."

"Ban ma san yana ciki ba."

"Ka ce mini ƙaramin abu ne."

"Na ce."

"Har ka gyara hula."

"Na gyara."

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ido cike da ƙwalla. "Ni da na kwana ina juyi, ina cewa ashe akwai namijin da ke tunanin yadda mace za ta yi murna."

"Ki ba ni shi in mayar, in ya so ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama."

Ta sa hannu biyu ta ɗage ɗankwalinta a hankali. A kowane kunne akwai ɗan kunne na zinariya, ƙarami, sabo, mai siffar ɗigon ruwa.

"Bai shiga ko ƙaramin yatsana ba," in ji ta. "Goggo ta ce zinariya ba ta zaman banza. Ta kai aka narkar. Na so sai ranar biki ka gani."

"Wa ya narkar?"

"Wa kuwa muke da shi a Gangare? Lukuman. Har ya ce akwai rubutun Turawa a cikinsa."

Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo, ɗaya nan ɗaya can, suna buga gindin tukwanen. A cikin wannan ƙarar na ji wata: ƙugin mota tana tahowa a hankali cikin lungun da mota ba ta shiga sai ta asibiti ko ta 'yan sanda. Ta tsaya daidai ƙofar gida. Aka danna ƙaho sau ɗaya. Sai haushin kare.

Daga zaure muryar Malam Datti ta taso, ya dawo daga masallaci.

"Musiliu! In kana ciki fito. Ga Nasara a ƙofata yana kiran sunanka."

Na tsaya riƙe da gwangwanin. Tabawa ce ta motsa. Ta ja ɗankwalin ta rufe kunnuwanta, ta fizge gwangwanin daga hannuna, ta durƙusa gaban murhu. Ta ture itacen gefe, ta sa ludayi tana kwasar toka tana zubawa a kan ɗan abin da ya rage na Madam, bakinta na motsi, ban sani ba ko addu'a take yi wa matar ko tsine mini take. Ta cika shi, ta murɗa murfin, ta goge da gefen zanenta, ta dangwara mini a hannu.

"Ba don kai na yi ba, don Baba ne."

"Tabawa…"

"Amsar da na ba ka ta zobe ce, kuma zoben ba naka ba ne. In Allah ya sa ka dawo da ƙafarka, sai ka sake tambaya. Hannu wofi. In ga abin da zan ce."

Na ratsa zauren. Ƙyauren bai yi ko ƙis ba, ya sha man Madam. Malam na tsaye a gefe da tasbaha, fuska a ɗaure. A waje baƙar motar Oga na tsaye cikin ruwa, yara da manya sun fara taruwa a ƙarƙashin rumfuna. A kujerar baya, a takure da hularsa a hannu, Lukuman maƙeri ne, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Oga ya buɗe ƙofa. Karen ya rigaye shi dirowa. Na miƙa gwangwanin gaba, ina roƙon Allah dabbar nan ta zo ta shinshina ta kaɗa wutsiya. Ko kallonsa bai yi ba. Ya bi ta tsakanin ƙafafuna, ya goge gefen rigar Malam, ya shige cikin gida kai tsaye. Malam ya ja da baya yana a'uziyya. Daga inda nake ina jin faratansa suna tonon gindin kabewa.

Oga ya tako cikin ruwan ba hula, ya tsaya a gabana. Ya miƙo hannu biyu, yadda ake karɓar jariri ranar suna.

Sai a lokacin tafin hannuna ya gaya mini abin da ni da Tabawa muka manta. Da rana aka sauke tuwo a murhun nan. Gwangwanin da ɗuminsa.